Sabon Direban Tirela, Kada Ka Ɓoye Maganinka

Matashin da ya karɓi lasisin tuƙin babbar mota yakan tarar da wani shinge kafin a miƙa masa makulli, wato gwajin lafiya. Ana duba ido da hawan jini da sukari, wasu kamfanonin kuma sukan ƙara da gwajin fitsari don gano ƙwayoyi. Tsoron rasa aikin ne ke sa wasu su ɓoye maganin da likita ya rubuta musu, ko su ajiye shi na 'yan kwanaki. A ganina, wannan dabara mai ita take cutarwa.

Mai hawan jinin da ya daina shan amlodipine, jininsa zai haura, awon kuma ya tona masa asiri. Hawan jini ko sukarin da aka shawo kansa ba kasafai yake hana tuƙi ba. Abin dubawa shi ne irin maganin. Glibenclamide kan zubar da sukari idan direba ya tsallake abinci tsakanin Kano da Legas, sai rawar jiki da dishi-dishin gani su same shi yana riƙe da sitiyari. Piriton, diazepam da amitriptyline suna kawo gyangyaɗi, alhali sau da yawa likita na iya musanya su ko ya mayar da shansu lokacin hutu.

Kodin da tramadol kuwa, gwajin fitsari bai san wanda likita ya rubuta wa ba, takardar asibiti ce shaidarka. Iyaye da matan aure, ku tattara masa kwalayen magungunansa duka, har da na gargajiya, ya tafi da su ranar gwajin.