Ramin da mai wayarin ya bari a bango, ƙofar gobara ce

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga tsohuwar unguwa a Kano, Zariya ko Katsina ba ka ga gidan da aka ƙara wa sabon wayarin ba. Wani ya sa sola da batir, wani ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, wani ya ja wuta zuwa shagon da ya fitar a ƙofar gida. Mai aiki zai huda bango ko silin, ya zura waya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ramin kuma a bar shi a buɗe, ko a cusa masa leda da soson katifa.

A nan haɗarin yake. Bangon bulo ko na ƙasa yana iya tsare wuta a ɗaki ɗaya har mutane su fita, maƙwabta su kawo ɗauki. Da zarar an huda shi ba a toshe ba, hayaƙi ya samu hanya, kuma hayaƙi ne ke fara kashe mai barci kafin harshen wuta ya iso. Bututun roba da ake zura waya a ciki shi ma narkewa yake yi, ya bar rami. A gidajen haya da yawa bangon da ya raba ɗakuna bai kai rufin kwano ba, saman silin a haɗe yake, cike da busasshen katako. Wutar da ta shiga nan takan bi ɗakuna gaba ɗaya.

A Ingila, ƙa'idar wayarin ta BS 7671 ta wajabta toshe duk ramin da waya ta ratsa, yadda zai jure wuta kamar bangon da aka huda. Mu ma abin bai fi ƙarfinmu ba. Kwaɓin siminti da yashi ya isa toshe ramin bulo, akwai kuma man toshiya na musamman da ke kumbura idan ya ji zafi, ya cike gurbin robar da ta narke. Soso, kwali, tsumma da leda kuwa abincin wuta ne.

Muna kira ga masu gidaje da kada su biya cikon kuɗin aiki sai sun zagaya sun ga an toshe kowane rami, har na saman silin. Hukumar NEMSA, wadda ke ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, da hukumomin kashe gobara na jihohi su sa wannan cikin abin da suke dubawa da wayar da kai a kansa, tun kafin hunturu ya kama. Kuɗin kwanon siminti bai kai darajar rai ɗaya ba.