Injiniyan da bai samu aiki ba, kada ya fara da sayen 'yan tsaki



A 'yan watannin nan masu turo mana saƙo sun canza. Da can yawanci matan aure ne da 'yan fansho. Yanzu matasa ne da suka karanci injiniyanci a ABU, BUK, ATBU ko Kaduna Poly, sun gama bautar ƙasa, sun raba takardun neman aiki har sun gaji. Tambayarsu ɗaya ce: "Na tara ɗan kuɗi daga alawus, buroila nawa zan fara da su?"

Amsata ita ce, kada ka fara da kaji.

Rashin aikin nan ba laifinka ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, masana'antu ke ji a jikinsu. A shekarar ce GSK da P&G suka sanar da janye hannu daga sarrafa kaya a Najeriya. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit. Mai masana'anta a Sharada ko Challawa da ke fama ya riƙe ma'aikatan da yake da su, ina zai ɗauki sabon injiniya wanda sai an koya masa aiki? Shi ya sa talla ke zuwa da sharaɗin gogewar shekara 3 ko 5.

Amma fa tsadar da ta rufe maka ƙofar masana'anta tana nan a gidan kaji. Abinci kaɗai yana cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Wanda bai taɓa rainon 'yan tsaki ba ya zuba duk abin da ya tara a zubi ɗaya, gumboro ko zafin watan Afrilu ya isa ya mayar da shi gida hannu rabbana. Kuma ya ajiye abin da ya fi mu da shi ya shigo inda muka fi shi.

Abin da ke cinye mu ƙananan masu kiwo, da yawansa aikin injiniya ne. Ɗauki injin ƙyanƙyasa. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, yana son zafi wajen digiri 37.5, da laima daidai, da juyawa kullum har kwana na 18. Wuta ta ɗauke na dogon lokaci a tsakiya, an yi asara. Wanda ya karanci lantarki ya san yadda zai haɗa akwati mai riƙe zafi, ko da jikin tsohon firji ne, da na'urar daidaita zafi, ƙaramar fanka, batir da farantin sola, ya kuma lissafa awa nawa batirin zai ɗauka cikin dare. Lissafin nan shi ne yawancin masu haɗa mana ba sa yi. Ga kasuwa a ƙauyukanmu: da damina zabi na zuba ƙwai, su kuma ba su iya kwanci ba, sai a sa wa kaza ta kwanta kwana 26 zuwa 28. Kaza ɗaya ƙwai nawa za ta rufe? Mai inji mai ɗaukar ƙwai 200 zai iya ƙyanƙyashe wa mutane a biya shi ladan kowane ƙwai, ba tare da ya sayi buhun abinci ko ɗaya ba.

Masu tarwada kuwa ruwa ne rayuwarsu. Canjin ruwa da janaretan fetur ya zama azaba, kowa na son famfon sola, amma wa zai auna zurfin rijiyar burtsatse, da yawan ruwan da tankuna ke sha a rana, ya faɗa maka girman famfo da yawan faranti? Yawanci mai shago ne, shi kuma abin da ke shagonsa zai ba ka. Haka injin buga abincin kifi mai yawo a saman ruwa: ya tsaya, mai gyara sai an yi cigiya. Har ginin ɗakin kaji, tsawonsa ya miƙe gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa dukan kaji ta gefe, mutane nawa aka faɗa wa kafin su zuba bulo?

Na san abin da wani zai ce: shekara 5 a jami'a, in ƙare a walda? To ai ba a ce ka daina neman aiki ba. Ci gaba da turawa. Amma ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka zauna da masu ƙira, ka rage girman kai, su hannu gare su, kai lissafi. Kuɗin farko kaɗan ne, mu masu kiwo kuma mun iya ciniki, wannan kam gaskiya ce. Sai dai duk famfon da ka kafa, duk injin da ka tayar, ka ɗau hoto ka rubuta ma'auninsa. Ranar da aka kira ka intabiyu aka tambayi gogewa, kana da abin ajiyewa kan tebur.

Ku kuma masu shirin fara kiwo, idan irin wannan matashin ya zo muku, ku biya shi haƙƙinsa, kada a ce "ai ɗan unguwa ne". Amma a yi yarjejeniya a rubuce: rabin kuɗi yanzu, sauran bayan gwaji. Injin ƙyanƙyasa a kunna shi kwana 2 babu ƙwai, a sa wani ma'aunin zafi daban a ciki a ga ko sun yi daidai, har da tsakar dare. Zubin farko kuma ƙwai 30 sun isa.