Murfin Kwale-kwale Ko Rigar Ceto: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

In kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya ba ka taɓa cin karo da bidiyon Turawa suna tuƙa ƙaramin kwale-kwale a teku ba, an lulluɓe samansa ruf da wani yadi mai kama da tamfol, ba abin da ke waje sai matuƙin daga ƙugu zuwa sama. Igiyar ruwa ta bugo, ta zame ta koma teku. Abin akwai burgewa, har mutum ya fara tunanin ko irin wannan murfi zai rage haɗarin jiragenmu na Gulbin Rima. Ra'ayina shi ne: a teku ya cancanci kuɗinsa, amma a Goronyo da Wurno da Rabah ba shi ne abin saye na farko ba.

Mu ba murfin haƙƙinsa. Dabarar ta samo asali ne daga mafarautan Inuwit na yankin ƙanƙara, waɗanda ke ɗinke rigar fata su ɗaure ta a bakin jirgi don kada ruwan sanyi ya shiga. Lissafin mai sauƙi ne. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Igiya ta zuba lita 50 a jirgi, tamkar an ƙara buhun shinkafa ne, kuma buhun da ba ya zama wuri ɗaya: jirgi na karkata, ruwan zai kwarara can ya ƙara danne gefen. Murfin na tare ruwan tun bai shiga ba.

To amma matsalarmu daban ce. A ranar Lahadi 17 ga Agusta, 2025, wani jirgin da ya nufi kasuwar Goronyo ya kife. Rahoton farko na hukumar NEMA ya ce mutanen ciki sun haura 50, kuma fiye da 40 ake nema. Jirgin kasuwa yakan ɗauki mata da yara da buhuna, wani lokaci har da babura. Lodi in ya yi yawa, bakin jirgi yakan sauka har ya kusa shafar ruwa, sai ƙaramin motsi ya isa ya kifar da shi. Babu yadin da zai gyara wannan.

Akwai ma haɗari a cikinsa. Mai amfani da murfi a teku sai ya koyi fincike shi ya fita in jirgi ya kife. Ka ƙaddara an rufe tsohuwa da goyo a ƙarƙashin tamfol, jirgi ya juye a tsakiyar gulbi da damina. Abin kariya ya zama tarko.

Wani zai ce ai madatsar Goronyo faɗi gare ta, iskar hadari na tayar da igiya sosai. Gaskiya ne. Masunci da ke fita shi kaɗai da ƙaramin jirgi zai amfana in ya rufe goshin jirginsa, ya bar tsakiya a buɗe. Amma ko shi, sai bayan ya mallaki rigar ceto.

Ga yadda zan jera sayayyar. Farko rigar ceto daidai jikinka, a ɗaure tun kafin ka taka jirgi. Na biyu roba ko ƙwaryar kwashe ruwa. Na uku jakar leda mai hana ruwa shiga waya, wadda ake ratayawa a wuya. Kada tambarin IP67 ya ruɗe ka: ma'anarsa wayar ta jure zurfin mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta da ba ya gudu, kuma kariyar na raguwa in waya ta sha faɗuwa ko an taɓa buɗe ta wurin gyara. Ka adana lambar gaggawa ta 112, ka kuma duba hasashen NiMet kafin ka fita.

Saura abin da ba a saye da kuɗi. In ka ga jirgi ya cika har ruwa na lasar bakinsa, ka sauka ka jira sahu na gaba, ko da za a yi maka dariya a gaɓa. Kasuwar Goronyo za ta sake ci mako mai zuwa.