Kakanka Marini Ne, Ina Abin Kunya?

'Yan uwa marubuta, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Duk littafin da muka buɗe, jarumin ko jikan sarki ne, ko jinin Sharifai, ko ɗan Alhajin da ba a san tushen dukiyarsa ba. Ina jikan marini? Ina 'yar baduku? Sai ka ce sarauta ce kaɗai ta gina Kano, alhali shuni da fata ne suka kai sunanta har Turabulus.

A Ingila, daga 1710 zuwa 1811, gwamnati na karɓar haraji a kan yarjejeniyar koyon sana'a. Saboda harajin aka rubuta sunan ubangida da na yaro, da sana'ar, da kuɗin da aka biya. Har gobe Bature na buɗe wannan kundi ya tono kakan kakansa. Mu kuwa uba ne zai kama hannun ɗansa ya kai shi karofin Ƙofar Mata ko rumfa a Kurmi, ya ce "ga amana", a shafa fatiha, shi ke nan. Kundinmu yana bakin tsofaffi, kuma kullum ana kai su makwanci.

Ɗan cikin birni ma da sauƙi, sunan unguwa na ba shi haske: Dukawa, Soron Ɗinki, Tudun Maƙera. Mu da muka tashi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni fa? Iyayenmu sun baro cikin ganuwa ko ƙauye, sun kama aikin albashi, sana'ar gado ta koma abin da ba a ambata gaban surukai.

Abin takaici, baƙi ne suka yi mana aikin. Philip Shea ya bi tarihin rini a 1975, Philip Jaggar ya fitar da littafi kan maƙeran Kano a 1994. Mu muna nan muna rigimar wa ya saci labarin wa.

Kada wani ya ce ai aikin malaman jami'a ne. Malamanmu na soro suna riƙe salsalar wanda ya karantar da su, don me tela ba zai samu tasa ba? Wayar da muke ɗaukar hoto tana naɗar murya. Wannan makon a samu dattijon tela a kasuwar Tarauni, ko tsohon makanike a titin Zariya, a tambaye shi: Baba, wa ya koya maka? Shi kuma wa ya yaye shi? Kafin nan, a fara da kakar da ke cikin gida.