Injiniyan Soja da Yaƙin Hanyoyi a Burkina Faso

A unguwar Dassasgho da ke gabashin Wagadugu ba a jin ƙarar bindiga, amma ana jin yaƙin a bakin ’yan kasuwa. Duk mai sayar da dabbobi, ko albasa, ko kilishi ya san cewa kayansa a kan hanya suke zuwa, kuma hanyoyin da suka haɗa birnin da arewa da gabas, wato ta Kaya zuwa Dori, da ta Kongoussi zuwa Djibo, da ta Fada N’Gourma zuwa iyakar Nijar, su ne fagen fama tun shekaru da dama. Hausawan birnin, waɗanda fatauci ya kawo kakanninsu ƙasar Mosi, ba sa bukatar wanda zai bayyana musu abin da rufewar hanya ke nufi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a irin wannan yaƙi sojan da ya fi kowa tasiri sau da yawa ba shi ne mai harbi ba. Injiniyan soja ne, wanda a Faransanci ake kiran rundunarsa génie militaire.

Aikinsa a taƙaice shi ne ya buɗe wa nasa hanya, ya toshe wa abokan gaba tasu, ya kuma gina abin da zai kare mutane. Shi ne ke tafiya a gaban ayari da na’urar gano ƙarfe yana lalubar ƙasa taku bayan taku, shi ne ke leƙa ƙarƙashin kwalbati, shi ne ke kafa kadarko inda aka fasa gada. Ɗalibin Hausa zai lura da kalmar nakiya a nan: ita ce sunan abincin nan mai zaƙi da ake yi da shinkafa a lokacin biki, ita ce kuma sunan abin da ke fashewa. Mahallin magana ne kaɗai ke raba su, kuma a labaran Sahel na wannan zamani ma’ana ta biyu ta kusa danne ta farko.

Daminar 2022 ta isa misali. A cikinta masu ɗauke da makamai suka fasa gadar Naré da ke tsakanin Kaya da Dori, aka gyara, suka sake fasawa. Haka suka yi wa gadar Woussé a kan hanyar Djibo. Ran 5 ga Satumba wata nakiya da aka binne ta tashi da mota a cikin ayarin da ya taso daga Djibo zuwa Wagadugu, fararen hula 35 suka rasu. Ran 26 ga watan aka afka wa ayarin abinci a Gaskindé, kwana huɗu bayan haka kuma Kyaftin Ibrahim Traoré ya kifar da gwamnatin Laftanar-Kanar Paul-Henri Damiba. Ba za a ce gada ce ta kayar da gwamnati ba, amma duk wanda ya bi jerin waɗannan ranaku zai ga cewa mulkin da ya kasa kai buhun gero Djibo ya riga ya rasa hujjarsa a idon talakawa da sojoji baki ɗaya. Abin takaici kuma shi ne, Burkina Faso ce ƙasa ta 40 da ta amince da yarjejeniyar Ottawa ta hana nakiyoyin da ake binnewa don mutane, a watan Satumba na 1998, kuma amincewarta ce ta cika adadin da ya sa yarjejeniyar ta fara aiki ran 1 ga Maris 1999. Yau ga ta tana tonon nakiya a gonakinta.

Lamarin bai tsaya ga Burkina ba. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya masu yawa da ke zuwa Yamai daga tashar jiragen ruwa ta Lome suna bi ta Kaya da Dori da Tera ne, cikin rakiyar soja. Ke nan farashin shinkafa a kasuwar Yamai na iya dogara ga wani saja da ya durƙusa a gefen kwalta yana share ƙasa da hannunsa.

Tarihin yaƙi cike yake da irin wannan. Ran 6 ga Oktoba 1973 sojojin Masar sun tsallake mashigin Suez, suka keta tudun yashin da Isra’ila ta tara a layin Bar Lev. Bama-bamai ba su ne suka buɗe shi ba. Injinan ban ruwa ne suka zubar da yashin, bisa shawarar wani injiniyan soja mai suna Baki Zaki Youssef. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce ga wannan ilimi. Kundin tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwar birnin ga Sarki Gijimasu, Kanta na Kabi ya kewaye Surame da katangar dutse, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya kafa ribaɗoɗi a kan iyakoki. Kalmomin nan uku, ganuwa da gwalalo da ribaɗi, sun nuna cewa magabata sun ɗauki gini da haƙa a matsayin rabin yaƙi.

A nan ne ake samun ruɗani mai hatsari. Tun da ganuwa aikin gayya ce, wasu na ganin babu laifi a tara mutanen gari a ba su diga da shebur su haƙa wa kansu ramin tsaro. Akan ma kawo misalin Yaƙin Khandaƙ, inda aka haƙa rami a Madina bisa shawarar Salmanul Farisi. Sai dai waɗanda suka haƙa wancan rami su ne mayaƙan da suka tsaya a bakinsa, kuma sun gama kafin rundunar abokan gaba ta iso. Masu gina ganuwa kuwa suna da ’yan leƙen asiri, maharin zamaninsu kuma a kan doki yake zuwa, ƙurarsa tana riga shi isowa. Na yau a kan babur yake, da bindiga mai sarrafa kanta.

Barsalogho ta nuna abin da ke biyo baya. Ran Asabar 24 ga Agusta 2024, a wannan gari da ke arewa da Kaya, mayaƙan ƙungiyar JNIM suka buɗe wuta a kan mutanen da ke haƙa rami a bayan gari. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 133 ne suka mutu, ta kuma ruwaito shaidun da suka ce sojoji ne suka tilasta wa mazajen garin fita aikin. Wasu rahotanni sun ambaci adadin da ya ninka wannan. Alhakin kisan yana wuyan waɗanda suka yi harbin, babu ja a kan wannan. Amma ramin da aka yi nufin ya kare gari shi ne ya zama wurin da mutane suka kasa fita, kuma wannan kuskure ne da littafin koyarwar kowane injiniyan soja ya yi gargaɗi a kansa. Ƙa’ida ce sananniya cewa shingen da babu masu tsaronsa da makami ba ya hana kowa wucewa, kuma ba a fara haƙa sai an girke masu gadi a gaban masu aikin. Haƙa rami ilimi ne: ina zai bi, yaya zurfinsa, ta ina mai aiki zai tsere idan aka kawo hari. Abin da mutum ɗari za su yi mako suna yi da diga, katafila ɗaya za ta yi shi cikin ɗan lokaci, mutum ɗaya ne kuma a cikinta.

Gaskiya ne cewa ƙasa matalauciya ba za ta iya kai katafila kowane ƙauye ba, hanyar da za a bi a kai ta ma sai an share mata nakiya. Wannan uzuri ne mai nauyi, amma ba ya wanke komai. Hujja ce ta a ƙara yawan injiniyoyi da kayan aikinsu. Gwamnatocin Sahel sun fi son a ga jirage marasa matuƙa da motoci masu sulke a ranar fareti, domin su ne ke cika ido. Na’urar gano nakiya, da gadar ƙarfe da ake harhaɗawa cikin kwana ɗaya ko biyu irin wadda Donald Bailey ya ƙirƙira wa sojan Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, da watannin horon da ake bukata kafin saurayi ya iya kwance nakiya ya koma gida da hannuwansa biyu, ba sa jawo tafi. Najeriya tana da makarantar injiniyoyin soja a Makurɗi, kuma abin da ta gani a hanyar Maiduguri zuwa Damboa bai bambanta da na hanyar Djibo ba.

Djibo, wadda kasuwar shanunta ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin, tana cikin ƙawanya tun farkon 2022, kuma abinci ba ya shigarta sai ta ayari mai rakiya ko ta jirgin sama. Daga can zuwa Wagadugu kilomita ɗari biyu ne da ’yan kai, tafiyar da a da direba kan yi cikin yini guda.