WA ZAI GAJI AIKIN? MAGANA KAN LABURARE DA TSAIKO

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, akwai wata gardama da ta daɗe tana cin lokacinmu a ɗakunan kwamfuta da gindin bishiyoyi, tun daga Kazaure har Babura, watau gardamar irin kayan da ya kamata a ɗauka in za a gina fuskar shafin intanet. Wannan ya ce React, wancan ya ce Angular, a yi ta musu kamar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo, a tashi babu wanda ya tambayi abin da ya fi muhimmanci. Mu dai mun ga lokaci ya yi da za mu faɗi matsayinmu a fili ba tare da kwana-kwana ba: duk shafin da a ke ginawa domin jama'a, wanda zai wuce ta hannun mutum fiye da ɗaya, lalle a gina shi bisa tsayayyen tsari na kowa da kowa, a daina harhaɗa shi yadda ran mai ginin ya so.

Bari mu fara warware kalmomin, domin wanda bai karanta kwamfuta ba shi ma ya sa mana baki, tun da shi ne zai yi amfani da abin da muka gina. Fuskar shafi ita ce abin da mai waya ke gani yana taɓawa: gurbin rubuta suna, maɓallin aikawa, jerin sakamakon jarrabawa. Ita ce zauren gida, inda a ke karɓar baƙo. Da harsuna uku a ke gina ta, HTML da CSS da JavaScript, kuma domin sauƙaƙa aikin JavaScript ne aka ƙirƙiro kaya iri biyu. Na farko shi ne wanda masana ke kira laburare. Ba na littattafai ba ne. Tarin dabaru ne da wani ya riga ya rubuta, kamar jakar magini mai guduma da zarto da igiya, ka zaro abin da ka ke so sa'ad da ka ke so, siffar ɗakin kuwa taka ce. Na biyu shi ne firemwok, wanda mu a nan za mu kira tsaiko, domin tamkar tsaikon ɗaki ya ke: an riga an ɗaure itatuwan, an tsai da siffa, naka shi ne ka bi ka rufa. A laburare kai ke kiran kayan aiki. A tsaiko kuwa, tsarin ne ke kiran abin da ka rubuta a lokacin da ya ga dama.

React, wanda kamfanin Facebook ya saki ga jama'a a 2013, laburare ne, kuma haka masu shi ke kiransa. Aikinsa zana abin da ido ke gani. Yadda za a tashi daga wannan shafi zuwa wancan, da yadda za a tantance abin da mutum ya cike, da yadda za a ɗauko bayanai daga babbar na'ura, da inda za a ajiye su, duk waɗannan sai mai gini ya fita ya zaɓo wa kansa wasu kayan dabam. Angular na kamfanin Google kuwa tsaiko ne: ya zo da duk waɗannan a ƙunshe, da harshen TypeScript, da ƙa'idar inda kowane fayil zai zauna.

To, me ya sa wannan ya shafe mu, mu 'yan wannan kusurwa ta Jigawa? Dalili shi ne ƙasarmu ta zama wurin yaye maginan shafuka. Tun 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, gwamnatin jiha ta kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a garin. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Ko ba jima ko ba daɗe, shafukan rajistar makarantu, da na asibitoci, da na ƙananan hukumomin Roni da Gwiwa, a hannunmu za su faɗo. Kuma akwai wata gaskiya game da mu wadda ba mu son faɗa: dukanmu matafiya ne. Mai difloma shekara biyu zai yi ya wuce. Mai yi wa ƙasa hidima shekara ɗaya ce tasa. Ƙaramin ma'aikaci kuwa takardar canjin wurin aiki na iya samunsa ko yaushe. Magini zai tafi, gini ya zauna. Saboda haka tambayar farko ita ce wa zai gaji aikin.

Ba da ka mu ke wannan magana ba, jiki magayi. Mun taɓa gadar shafin rajistar wata ƙungiyar ɗalibai daga hannun wani yayanmu haziƙi da ya gama karatu ya tafi. Da React ya gina shi, ya ɗauko wannan kaya daga nan, wancan daga can, ya ɗinke su da wata dabara da babu wanda ya san kanta sai shi, bai kuwa bar ko layi ɗaya na bayani ba. Abin da aka nema mu yi ɗan kaɗan ne, mu ƙara gurbin rubuta sunan ƙaramar hukuma. Muka taɓa nan, can ya rushe. Wasu daga cikin kayan da ya jingina da su masu su sun daina kula da su, wasu sun sake kama har ba su jituwa da juna. Lokacin rajista ya zo, muka koma ga takarda da biro, ɗalibai suka yi layi a rana. Daga bisani muka zubar da aikin duka, muka soma daga tushe. Yaron nan ba mugu ba ne, gwani ne ma. Amma gwanintarsa ta tafi da shi.

Masu goyon bayan laburare za su ce mana 'yanci. Wai tsaiko ɗauri ne, shi kuwa laburare yana barin mai basira ya yi yadda ya ga ya fi. Mun ji. Amma 'yancin wa? 'Yancin mai tafiya ne, wahalar kuwa ta mai zama ce. Magina goma in aka ba su React za su fito da tsari goma. Magina goma in aka ba su tsaiko ɗaya, na goma zai buɗe aikin na farko ya gane inda aka dosa, domin littafin ƙa'idar a rubuce ya ke, kowa na iya karantawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannuwa da yawa ba su ɗauka sai sun yarda da gefen da za a kama. Har wa yau, kowane ƙaramin kaya da ka ɗauko daga waje amana ce ka ba baƙon da ba ka sani ba. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye wani ɗan kaya mai suna left-pad, layi 11 kacal, daga rumbun npm, sai ga ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya sun ƙi haɗuwa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Za su kuma ce mana, ai tsaiko ma yana cin amana, su kawo labarin AngularJS. Wannan gaskiya ne, ba mu musu. Google ya fito da AngularJS a 2010, sa'an nan a 2016 ya sake rubuta shi gaba ɗaya da sunan Angular, sabon bai jitu da tsohon ba, kuma a ƙarshen 2021 aka daina kula da tsohon. Waɗanda suka gina a kansa sun ji jiki. Amma a duba: an yi shela, an ba da wa'adi na shekaru, an rubuta hanyar ƙaura. Wanda ya harhaɗa kaya goma sha biyu na mutane goma sha biyu, wa zai yi masa shela ranar da ɗaya ya mutu? Sai dai ya wayi gari ya ga bango ya tsage.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi, watau nauyi. Manomi a ƙauyen Gwiwa da ke son duba sakamakon 'yarsa, wayarsa mai araha ce, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, data kuwa da kuɗin gero ya saye ta. Duk JavaScript da muka loda wa shafi, shi zai biya kuɗin sauke shi, wayarsa ce za ta yi nishin sarrafa shi. Gaskiya ne tsaiko na iya yin nauyi. Amma laburare da aka rataya wa kaya goma shi ma ya tashi daga marar nauyi. Bugu da ƙari, tsaikuna irin su Next.js da Nuxt da SvelteKit, har da Angular ɗin kansa, suna iya shirya shafi tun daga babbar na'ura su aiko shi a dafe, su kuma rarraba kayan ta yadda waya ba za ta sauke abin da ba ta bukata ba tukuna. Mai harhaɗa nasa shi kaɗai da wuya ya yi wannan aiki ya yi shi daidai. Inda kuwa shafin sanarwa ne kurum, ko jerin sunaye, to ba ya bukatar ko ɗaya cikin biyun. Gwamnatin Birtaniya, da duk arzikinta, ta cire jQuery daga babban shafinta na GOV.UK a 2022 domin sauƙaƙa wa masu ƙananan wayoyi. Mu da talakawanmu suka fi nasu bukatar wannan sauƙi, wane dalili gare mu na yin ado da nauyi?

Saura hujjar neman aiki, cewa kamfanoni sun fi neman wanda ya iya React. To, a koyi React mana, wa ya hana? Sai dai mu sanar da masu wannan hujja cewa masu React da kansu sun riga su sauka daga kan dokin. Tun 2023 littafin jagorarsu ke ba mai soma sabon aiki shawarar ya ɗauki tsaiko irin Next.js, kuma a watan Fabrairu na 2025 suka yi shelar jingine Create React App, kayan da yawancinmu muka koyi soma aiki da shi. In mai jaka ya ce a nemi tsaiko, ina dalilin ɗan koyo na yin gardama?

Saboda haka ga abin da mu ke kira a yi. Malamanmu su tabbata ɗalibi ya ƙware a HTML da CSS da JavaScript tsantsa kafin ya taɓa laburare ko tsaiko, domin kaya suna tsufa, tushe kuwa yana nan. Kowace makaranta da kowane ofis su tsai da tsaiko ɗaya, ko wanne ne, su rubuta shi cikin sharuɗɗan ba da aiki. Kada a karɓi shafi daga hannun kowa sai da bayanin yadda a ke tada shi da jerin kayan da ya jingina da su, sai kuma wani dabam ya gwada gyara abu ɗaya a ciki ya yi nasara. Kada kuma a ce aiki ya kammala sai an buɗe shi da waya mafi araha a Roni ko Gwiwa, nesa da sabis mai ƙarfi na cikin gari. Mu kuwa ɗalibai, aikinmu na kashin kanmu mu yi wasa da duk kayan da muka ga dama, a nan a ke koyo. Amma ranar da aka danƙa mana aikin jama'a, mu tuna kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin bai ƙare ba sai na bayanmu ya iya riƙe askar.

Wannan shi ne ra'ayinmu. Wanda ke da ja, filin mujallar nan a buɗe ya ke. Amma kafin ya ɗauki alƙalami, ya fara gaya mana wa ke kula da shafin da ya gina bara.