A raba magani da guba a kantar kicin ɗinmu



Duk wanda ya shiga gidan Bahaushiya a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, ya san ba mu bar jere a Arewa ba. Ɗakin haya ne, wani lokaci kicin ɗin ma na haɗaka ne da maƙwabta, amma sai ka tarar an shimfiɗa leda mai fure, an jera kuloli da filas da tangaran gwanin sha'awa. Wannan abin yabo ne, kuma ba shi muka zo kushewa ba. Maganarmu a kan kantar ƙasa ce, da bayan ƙofa, da ƙarƙashin teburin risho, inda baƙo ba ya dubawa. A nan ake ajiye zuma da man kaɗanya da citta, kuma a nan ɗin ake ajiye kalanzir a gorar ruwa, da fiya-fiya a kwalbar lemo, da dayis a ƙullin leda. Duka mun haɗa su muna kira dabarun gida. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za mu raba su, domin wasu magani ne, wasu kuwa guba ce tsagwaronta.

Mu fara da gyaran kai. Zama a cunkushe da laimar Kudu suna kawo kuɗin cizo da kyankyaso, yara kuma suna kwaso ƙwarƙwata a makaranta. Sai wata ta ba da shawara a ɗiga fiya-fiya ko Sniper a man kitso, wai kwana ɗaya an gama. Waɗannan maganin ƙwarin gona ne, kuma fata tana zuƙar su har su shiga jini. A shekarar 2019 jaridu sun ruwaito rasuwar wata 'yar bautar ƙasa a jihar Osun bayan ta sa Sniper a gashinta don kashe ƙwarƙwata. A shekarar ce kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan kowa da kowa. Amma har yau yana nan a gidajenmu, kusa da buhun wake. Alhali ƙwarƙwata tana fita da haƙuri: a jiƙa kan da mai, a bi shi da mataji mai ƙananan haƙora duk bayan kwana uku har mako biyu, a wanke ɗankwali da rigar matashi da ruwan zafi. In ta ƙi, akwai maganinta na musamman a kemis.

Haka lalle. Lallen da kakanninmu suka sani ganye ne, ana daka shi, a kwaɓa, a ƙunsa, a jira sa'o'i kafin ya kama, kuma ja yake bayarwa. Baƙin da ke kamawa cikin minti kaɗan yawanci rinin gashi ne mai sinadarin PPD. Wasu jikinsu yana ɗauka, wasu kuma sai hannu ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa, zanen ya zama tabo. Wadda ya taɓa yi wa haka sau ɗaya, karo na biyu ya kan fi muni. Ba ma ganin hikimar zana shi a hannun yarinya 'yar shekara biyar don kwalliyar Sallah ta kwana uku.

Ga kuma haɗe-haɗen tsawon gashi da ake tallatawa a waya. Chebe na matan Chadi ne, karkar kuma an san shi a Sudan da Chadi, kuma masu shi a jikin gashi suke shafa chebe don kada ya kakkarye, ba a fatar kai ba. Mu kuwa sai mu sayi ƙulli marar suna, mu cusa har tushe, a garin da gumi ba ya bushewa, sannan mu yi mamakin amosani da ƙaiƙayi. Abin da ya fi cinye gaban goshin 'ya'yanmu ma ba rashin mai ba ne, kitso ne mai tsauri da ake ja har yarinya ta kasa barci. Man kaɗanya mai kyau, wanke kai a kan kari da kitso mai sauƙi sun fi ƙulli goma.

Sai taimakon gaggawa, wanda shi ma a kicin yake farawa. Yaro ya ga gorar ruwa, ya kafa kai, ashe kalanzir ne. Abin da muka koya a nan Kudu shi ne a ɗura masa manja ko a sa masa yatsa ya yi amai. Wannan kuskure ne babba, domin haɗarin kalanzir shi ne ya shiga huhu, kuma amai da ɗure su ne ke tura shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe, a nufi asibiti da gorar a hannu. Idan ƙuna ce, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba gishiri. A sakar wa wurin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta. Idan gudawa ce, ga maganin gida na gaske: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kafin a samo ORS da zinc. Zuma kuwa tana sassauta tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da cikinsa bai isa ya yaƙa ba.

Mun san abin da za a ce: iyayenmu sun yi, ga mu mun girma. Amsar farko, kakarmu ba ta san Sniper ba, ba ta san dayis ba. Waɗannan kayan kanti ne da muka lulluɓa wa rigar gargajiya. Amsa ta biyu ta fi ɗaci, amma gara mu faɗa wa kanmu: ko cikin abin da muka gada akwai wanda ilimi ya gano illarsa. Kwallin dutse da muke rambaɗa wa jarirai yana iya ƙunsar dalma. A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da aka kai masa daga gida ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu da muka ga yadda dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da an ga alama da wuri ba.

Za a kuma ce asibiti tsada, ga layi, ga ma'aikacin da ba ya jin Hausa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa da yawanmu ke komawa ga kantar kicin. To tunda ita ce asibitinmu na farko, ai ita ta fi cancantar gyara. Kuɗin kula ɗaya ta ado ya isa a sayi ƙaramin akwati da kwaɗo. Kalanzir, fiya-fiya, maganin ɓera da bilic su shiga ciki, a ɗaga sama, kuma kada a sake zuba su a mazubin abin sha. Duk haɗin da mai sayarwa ta ce sirri ne, ba za ta faɗi abin da ke ciki ba, a bar mata kayanta. Wanda ke cikin kwalba a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Magidanta kuma, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne, domin mu ne muke sayo yawancin kayan nan mu ajiye a ƙasa mu fita. Masu jin Yarbanci da Turanci a cikinmu su riƙa raka maƙwabta asibiti, lada ce mai sauƙin samu.

Idan abu ya faru mu kan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai ce a bar guba a gaban mai rarrafe ba. Yau kafin a ɗora tukunyar dare, kowa ya durƙusa daidai tsayin ɗansa, ya dubi abin da hannun yaron zai iya kaiwa.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.